Abin da Zuwera Ta Zuba a Kunnen Mansur

Shekara ashirin da bakwai Malam Halidu ya yi yana koyar da Ingilishi a wani gidan rediyo na Yamai, kowace Asabar bayan la'asar. Mutumin Tawa ne, tsohon malamin lise, wato babbar sakandare, mai murya a natse kamar ba ya gaggawar komai a duniya. Ƴan kasuwar da ke zuwa sari Kano da Akara su suka fi riƙe shirinsa. A unguwar Maourey akwai telolin da ke tsayar da keke idan ya fara, su ce a bari Mushe, wato malamin boko, ya gama. Kalma ɗaya yake ɗauka a mako, ya juya ta gaba da baya, ya faɗi inda ta fito da inda ake sa ta, sannan ya yi sallama.

A shekarun baya-bayan nan ba shi kaɗai yake shirin ba. Akwai Mansur, ɗan maƙwabtansu a unguwar Lazaret, wanda Malam ya ɗauka tun yana aji shida ya koya masa harshen a kan tabarmar zaure. A gidan ya ci tuwo, a gidan aka yi masa faɗa. Zuwera, ƴar autar Malam, Yaya Mansur take ce masa tun ba ta iya ɗaura zane ba. Da ya girma ya zama tafinta, Malam ya shigo da shi rediyo, shi ne mai yin tambayoyi a madadin masu saurare.

Wata Asabar cikin bazara, ana tsakiyar darasi, harshen Malam ya harɗe. Ya fara jimla, ta watse masa a baki. Ya sake kamawa, sai ga wasu sautuka da ba Hausa ba, ba Faransanci ba, ba Ingilishi ba. Masu saurare sun ji wannan na ɗan lokaci kaɗan, aka sako kiɗa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta tafi. Yana jin duk abin da aka ce, yana ganewa, amma in ya buɗe baki zai nemi ruwa, wani abu dabam ke fitowa, sai ya runtse ido ya juya fuska ga bango.

Sati biyu bayan haka Zuwera ta shiga taksi daga Lazaret za ta wurin aiki. Su huɗu ne a ciki. Wani saurayi a gaba ya kunna wani abu a salularsa, direba ya tuntsire da dariya har yana dukan sitiyari. Ta san muryar tun kafin ta gane abin da ke faruwa. Babanta ne, yana kokawa da harshensa, an ɗora masa ganga a ƙasa, an maimaita wani wuri sau uku don ya zauna kamar amshin waƙa. Saurayin ya ɗago wayar ga na baya su gani. Hoton Malam ne da hularsa ta Juma'a, a ƙarƙashinsa an rubuta kalma guda da manyan baƙaƙe: GIBBERISH.

Matar da ke gefenta ta ce, "Haba, ba kyau," amma ita ma tana danne dariya da gefen mayafi.

Zuwera ta miƙa wuya ta dubi hoton. Ta roƙi saurayin ya tura mata, ya tura da murnarsa.

Aikinta ke nan, sauti. Shekara shida tana tare da wani kamfanin haya na kayan magana, na wani mutum Ousmane, masu kafa lasifika da mikuro da ɗakunan gilashi na tafintoci a manyan taruka. Kunnenta ya saba da abin da kunnen mutane ke tsallakewa. Da ta isa shago ta sa abin kunne, ta rage gangar, ta saurara fiye da sau goma. Ba daga rediyo aka ɗauko wannan ba. Ana jin kukan fankar sutudiyo, wadda mikuron shirin ba ya kamawa. Kuma ya zarce inda aka sako kiɗa da kusan minti guda da rabi. Wato wani yana zaune a cikin ɗakin, da waya a hannu, yana ɗauka, babanta yana zamewa daga kujera. Can wajen ƙarshe akwai wata ƴar dariya ta hanci, kusa da wayar sosai, wadda ta sani tun tana ƙarama, wadda ake yi in an ci ta a dara.

Mutum biyu ne a ɗakin ranar.

Ingilishinta bai taka kara ya karya ba, duk da ƴar wanda take. Ta san dai kalmar ba ta alheri ba ce. A ɗakin Malam akwai wani akwatin ƙarfe da yake tara kaset-kaset na shirinsa, kowanne da kalmar makon a jikinsa da rubutunsa mai kwanciya. Da rana tsaka, yana barci, ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta same ta. Kaset ɗin ya shekara goma sha ɗaya. Ta kai shi shago, ta tono tsohuwar rakoda daga ƙasan kanta.

Muryar ta fito garau, kamar ba abin da ya taɓa samunta.

"Kalmarmu ta yau, jibarish. Ma'anarta maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, wadda kunne ke ji amma hankali ba ya kamawa. Bafaranshe ya ce sharabiya. Mu kuma mu ce sambatu, ko soki-burutsu, gwargwadon wanda ya yi. Ta fi shekara ɗari huɗu a bakin Ingilishi. Masana da yawa sun ce kwaikwayon sauti ce kawai, yadda surutu ke faɗa wa kunnen wanda bai gane ba, jib-jib-jib. Wasu kuma sun ce daga sunan Jabiru ne, wani masanin haɗa sinadarai na zamanin da, wanda littattafansa suka gagari Turawa. Wannan na biyun ban tsaya masa ba, amma yana ba ni dariya. Mutum ya rubuta ilimi, wanda ya kasa karantawa ya ce shirme ne."

Sai wata murya ta saurayi, cike da ladabi: "Malam, ana iya faɗa wa mutum ita a gaban idonsa?"

"In kana neman faɗa, Mansur. Ana faɗinta a kan jariri, ana faɗinta a kan takardar gwamnati da aka cika da manyan kalmomi. Amma ba a faɗa wa babba, ba a faɗa wa majinyaci."

"To Malam, na riƙe."

Zuwera ta kashe rakodar. Ta zare kaset ɗin ta sa a jaka.

Ranar Juma'a Mansur ya zo dubiya da lemo da ayaba a leda. Shi ke riƙe da shirin yanzu, har an sauya masa suna. Ya durƙusa gaban Malam, ya gaishe da Inna Mariyam, uwar Zuwera, ya ce ya ji abin da ƴan iskan gari suka yi, Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya fitar da wannan abu. Zuwera ta kawo masa ruwan sanyi a kofin baƙi.

"Ƙanwata, kin rame," in ji shi. "Sai haƙuri."

"Ana yi, Yaya Mansur."

Ta tsaya tana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka har ya shanye.

Wata takwas ta yi tana haƙurin. A cikin watannin nan abin ya zama wasan gari. Samari a fada, majalisarsu ta shan shayi, in ɗaya ya faɗi abin da bai shiga ba, sai a ce ya yi Halidu. Wata rana ta dawo ta tarar da yaran maƙwabta a ƙofar gida suna rera amshin, babanta kuwa yana zaure a kujerarsa, taga a buɗe. Tun daga ranar ya ƙi yarda a fito da shi zaure. Ba ta gaya wa kowa abin da ta sani ba, ko yayyenta maza, don ta san iyakarsu su je su fasa masa baki, a kai su kwamisariya wurin ƴan sanda, gari ya ce an zalunci Mansur. Ita ba bakinsa take so a fasa ba.

Akwai wani abu da duk mai aikin sauti ya sani. In aka mayar wa mutum muryarsa cikin kunnensa, amma aka jinkirta ta da kamar ƙiftawar ido, harshensa sai ya rikice. Ya riƙa jiran kansa, ya riƙa tuntuɓe da kalmar da ya riga ya faɗa. Ta taɓa gani ya faru da wani sanƙira a wajen biki, bisa kuskuren waya, mutumin da bai taɓa rasa magana ba ya tsaya yana in'ina kamar an shaƙe shi. Ta gwada a kanta a shago, ranar da ba kowa. Fatiha ma, da ta sani tun kafin ta san sunanta, da ƙyar ta kai ƙarshenta. Ta yi ta murɗawa har ta sami daidai wurin da ya fi cizo, da daidai ƙarfin da za a ɓoye shi ƙarƙashin wata murya ba a ce ga shi ba. Ta rubuta lambar a tafin hannunta, ta wanke, ta riga ta zauna mata a ka.

Damar ta zo bayan damina. Za a yi babban taro kan cinikin dabbobi tsakanin ƙasashen yankin, a wani zaure da ke Gaweye, bakin kogi, kuma gidajen rediyo za su watsa buɗewar kai tsaye. Ousmane ya samu aikin kayan sauti. A takardar shiri ta ga sunan tafintan da zai juya Ingilishi zuwa Faransanci. A ƙa'ida biyu ake sawa su riƙa karɓar juna, amma Mansur ya ce shi kaɗai ya isa buɗewar, na biyun ya zo da rana.

Ranar ta riga kowa isa. Daga tagar zauren ana hango gada, motoci da raƙuma biyu ɗauke da tabarmi suna tsallakawa. Ta kafa komai da hannunta. Mansur ya iso cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ɗakin gilashin. Ya ɗaga mata hannu.

"Ƙanwata, yau a hannunki nake. Ki gyara min murya ta fito da kyau."

"Za ta fito, Yaya."

Zaure ya cika, manyan riguna da kwat, kowa da abin kunnensa. Ta bar shi ya yi minti goma lafiya lau. Ya iya aikinsa, wannan ba ta taɓa musu ba, kuma ta san a inda ya koya. Sai babban baƙo ya hau, wani dattijo daga Ghana, ya fara jawabi a hankali. Mansur ya bi shi, murya sumul. Zuwera ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ta tura shi sama kaɗan.

Kalmar farko da ta kama shi, sau uku ya faɗi gaɓarta ta fari. Ya yi gyaran murya, ya sake shiga, jimlar ta miƙe kamar danƙo sannan ta tsinke. Ya ja wasali ɗaya har ya zama kuka. A zaure kawuna suka fara juyowa baya. Ta cikin gilashi ta ga ya dafe abin kunnen da hannu biyu, ya zare ɓari ɗaya, amma in ya cire duka ba zai ji mai jawabi ba, dattijon kuwa bai san abin da ake ciki ba, yana ta zuba. Mansur ya yi ƙoƙarin cim masa da gudu, nan ne abin ya lalace gaba ɗaya. Faransanci ya haɗu da Ingilishi, wata kalmar Hausa ta faɗo tsakiya, sauran kuwa ba na kowane harshe ba ne.

Ya buga gilashi da tafin hannu. Ousmane ya taho da sauri, ya shiga ɗakin, ya karɓi abin kunnen ya sa. Zuwera ta sauke maɓallin. Ousmane ya saurara, ya ce "alo, alo" a hankali, ya ɗaga kafaɗa, ya mayar masa. Mansur ya zauna, ya share goshi, ya buɗe baki. Ta tura maɓallin.

Wannan karon wani ya yi dariya a layin baya, dariyar ta bi kujeru. Wayoyi suka tashi sama. Wata mata a layin gaba ta cire abin kunnenta ta ajiye a cinya tana girgiza kai. Zuwera ba ta kalli kowa ba sai shi. Ta ga lokacin da tsoro ya shigo masa. Ya daina fassara, ya ɗaga hannunsa na dama yana buɗewa yana rufewa, ya shafa gefen bakinsa yana duba ko ya karkace. Ta san abin da yake tunawa, kuma ta bar shi ya tuna sosai kafin ta sauke yatsanta.

Da kansa ya fito, hula a hannu, shaddar ta manne masa a baya da gumi. Aka dakatar da taro rabin awa ana neman na biyun a waya. Wani ya kai Mansur asibiti, aka yi masa hoton kai, aka ce ba abin da ya same shi.

Ba ta jira gari ya yi mata aikin ba. A na'urarta akwai muryarsa tsaf, ba hayaniyar zaure. Ta yanke wurin da ya fi muni, ba ta sa ganga ba don ba ya buƙata, ta ɗora hotonsa na farar shadda, ta rubuta kalmar da yatsanta, baƙi bayan baƙi, tana duba jikin kaset ɗin don kada ta yi kuskure. Ta tura wa mutum uku da ta san ba sa riƙe abu. Kafin magariba ta ji shi a wayar mai kilishi a bakin titi.

Masu taruka suka daina kiransa. Wasu suka ce ƙwaya yake sha, wasu suka ce alhakin tsohon ne. Gidan rediyo ya ce ya ɗan huta tukuna.

Kwana tara bayan taron ya tare ta a ƙofar shago da hantsi. Bai yi sallama ba. Idonsa ya faɗa.

"Na tambayi wani mai aikinku," ya ce. "Ya gaya min yadda ake yi."

"To."

"Ke ce."

"Ni ce."

Da alama ya shirya wa musu, don ya tsaya baki buɗe. "Zuwera, ina da iyali. Kin san abin da kika yi min? Na ɗauka mutuwa zan yi a cikin akwatin nan."

"Kai an kai ka asibiti nan take."

"Wallahi ban san ciwo ba ne. Na ɗauka santsin baki ne, irin na tsufa, na ce in ɗauka mu yi dariya da shi daga baya. Mutum ɗaya na tura wa. Mutum ɗaya! Ban sa ganga ba."

"Rubutun fa?"

Ya kalli ƙasa.

"Bayan ka san ciwo ne ka tura, Mansur. Sati biyu yana kwance."

Karon farko ke nan da ta kira sunansa ba Yaya, kuma ya ji. Ya ce zai kai ta ƙara. Ta ce ya kai, za ta zo da nata faifan, a kunna duka biyun a gaban alƙali, a ji dariyar wanda ke ƙarshen na farkon. Ya juya ya tsallaka titi ba tare da ya duba mota ba, har wani mai babur ya zage shi da Zabarmanci.

Ousmane yana ciki, ya ji komai. Mutum ne mai sanyi, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya fahimce ta, shi ma da ubansa ne bai san abin da zai yi ba, amma kayansa amana ce, mutum yana shiga ɗakin gilashi ne ya ba ka kunnensa. Ba zai iya sake zaunar da ita a bayan na'ura ba. Ta ciro makullin shago daga jakarta ta ajiye masa a tebur, ta yi masa godiya ta shekara shida, da gaske take.

A ƙafa ta koma Lazaret, ta bi ta kasuwa ta sayo kifi manya guda uku, abin da ba ta saba ba. Inna Mariyam na tsakar gida tana tsince zogale. Ta dubi kifin, ta dubi ƴarta da ta dawo kafin azahar.

"An sallame ki?"

"An sallame ni."

"Saboda yaron nan?"

Zuwera ta tsaya da ledar a hannu. Ba ta san Inna ta sani ba, ba ta kuma tambaye ta tun yaushe ba.

"Eh, Inna."

Tsohuwar ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Uwarsa ta aiko jiya, wai a taru a yi sulhu. Na ce mata ba ni da lafiya." Ta tura mata kujera ƴar tsugune da ƙafa. "Babanki kada ya ji daga bakinki. In ya ji a gari, ya ji. Ɗauko wuƙa, kifin nan ba zai jira yamma ba."

Zuwera ta ɗauko wuƙa da roba, ta zauna, ta fara kankare ɓawon na farkon daga wutsiya.